Hanyoyin Gudu Daga Tudun Wada Zuwa Fadamar Rima Da Garuruwan Tudu

Gudun dogon zango, wanda mutanenmu ke kira gudun yada ƙanin wani, ya sami masoya a Sakkwato, musamman cikin 'yan makaranta da samarin ma'aikata. Amma akasarinsu wuri biyu kaɗai suka sani: ko gefen kwalta, inda su ke rabon hanya da motoci da babura suna shaƙar hayaƙi, ko kuwa filin wasa na Giginya, inda mutum zai yi ta kewaye wuri guda har kansa ya yi jiri. Mu da ke aikin horon malamai muna ganin wannan hasara ce, domin Allah ya ba garin nan shimfiɗar ƙasa wadda masu gudu na wasu wurare ke nema da kuɗinsu. Ga kwari, ga rairayi, ga hawa, kuma kusan kowane tudu da ɗan tarihinsa a kai.

Bari mu fara da yadda ƙasar ta ke. Birnin Sakkwato yana bisa doron tudu ne na marmara, kusa da inda Gulbin Sakkwato ya haɗu da Gulbin Rima. Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya komo cikinsa daga Sifawa a 1815, ya rasu a nan a 1817. Kowane ɗalibi ya haddace waɗannan shekaru don jarrabawa. Amma in ka tambaye shi dalilin da ya sa aka zaɓi wannan wuri, sai ya yi zuru. To, wanda ya taɓa gangarawa fadama da ƙafarsa, sa'an nan ya juyo ya hau tudun yana haki, ba ya bukatar a faɗa masa. Daga sama ana hangen mai zuwa tun yana nesa, doki kuwa ba ya sukuwa cikin taɓo, ga ruwa da abinci a gindin gari. Gani ya kori ji.

Hanya ta fari da mu ke ba da shawara ita ce ta arewa. A tashi daga Tudun Wada bayan sallar asuba, a ratsa tsohon gari ta wajen fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu. A nan muna roƙon malamai su tsai da gudu, a wuce da tafiya cikin natsuwa, kuma kowa ya kasance da dogon wando da riga. Wuri ne na ziyara, mutane na zuwa daga nesa, har daga Nijar da wasu ƙasashe, bai kamata su ga ayarin samari da gajeren wando suna tsalle a ƙofar ba. In an fita gari sai a gangara, a bi hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a ƙetare gulbi a Kwalkwalawa, a nufi Dundaye da ke tudun ƙetare.

Wannan tsakanin shi ne zuciyar tafiyar. Da rani fadamar takan cika da albasa da tafarnuwa da tumatir da dankali, manoma na ban ruwa tun da sanyin safiya. Dā da jigo su ke yi, yanzu injin ya fi yawa. Akwai 'yan hanyoyin ƙafa da na jakai a tsakanin gonaki, wani wuri ƙasa mai tauri, wani wuri rairayi da ke cinye ƙafa. Gudu cikin rairayi ya fi na kwalta wuya nesa ba kusa ba, amma yana ƙarfafa idon sawu da sha-raɓa, kuma ba ya dukan gwiwa kamar yadda kwalta ke yi. Sai dai a kiyaye abu guda. Fangalin albasa dukiyar mutum ce ta shekara. Yaro ɗaya da ya yanke hanya ta cikinsa ya isa ya sa manoma su rufe wa makaranta duka hanya, kuma da gaskiyarsu. Sabo da haka malami ya fara zuwa shi kaɗai, ya gai da mai gari, ya nemi izini, ya bi hanyar da ƙafarsa kafin ya kawo kowa.

A wannan wuri ne kuma za a nuna wa ɗalibai ƙarfin gulbi. A watan Satumba na 1910 babu wanda ya san madatsar ruwa a ƙasar nan. Shekara ɗari bayan haka, a Satumba na 2010, ga madatsar Goronyo a kan Rima da ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, duk da haka ambaliya ta yanke hanyar jami'a, ta raba ta da gari, ta cinye gonaki da gidaje masu yawa. Darasin labarin ƙasa ke nan a fili, ba na allo ba. Shi ya sa ba mu yarda a bi hanyoyin fadama daga Yuli zuwa Oktoba ba.

Hanya ta biyu ta fi tsawo, ta manyan ɗalibai ce: Kware, a kan hanyar Illela. Can ne Malam Abdussalami, almajirin Shehu, mutumin Gimbana, ya zauna da jama'arsa. Bayan rasuwar Shehu ya saɓa da Sarkin Musulmi Bello, aka yi ta musayar wasiƙu, daga bisani aka ci garin da yaƙi a farkon 1818. Bello da kansa ya rubuta labarin cikin littafinsa Sardul Kalami. Muna son malamai su faɗi wannan labari yadda ya ke, a bakin tafkin Kware, lokacin da yara ke hutawa, don su san cewa kafa daula ba ta rasa gardama ko tsakanin malamai. Amma kada a bar kowa ya faɗa ruwan don ya huce. Ruwan da ke kwance shi ne gidan tsargiya.

Ta kudu akwai Sifawa da Bodinga, inda Shehu da ƙanensa Abdullahi suka zauna kusa da juna. Ƙasar can shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da hawa sosai, ta dace da masu koyo, in an kai su da mota aka sauke su kusa.

Saura Wurno, wadda ita ce sarauniyar garuruwan tudu a wannan yanki. Bello ya gina ta ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, tana fuskantar Gobir, ya fi son zama cikinta bisa ga Sakkwato, a can ya rasu a 1837, kabarinsa na nan har yau. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Barth, ya sauka garin a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Wanda ya tsaya bisa tudun Wurno ya dubi fadamar shinkafa shimfiɗe a ƙarƙashinsa zai gane abin da Bello ya gani. Tsakaninta da Sakkwato ya wuce kilomita 30 ko da a miƙe ne, watau an doshi tsawon babban tseren duniya mai kilomita 42. Da a ce za a shirya tsere na shekara-shekara a wannan ƙasa, ba mu ga hanyar da ta fi wannan cancanta ba: daga kabarin uba zuwa kabarin ɗa. Amma tilas mu faɗi gaskiya. Gabashin Sakkwato ya sha wahalar 'yan bindiga a shekarun nan, har an kai hari kasuwar Goronyo a Oktoba na 2021 aka kashe mutane da dama. Kada wani malami ya ɗauki 'ya'yan mutane ya nufi wajen sai da yardar hukuma da ta hakimin ƙasar, kuma in sun ce a dakata, a dakata.

Wani zai ce, shin wannan zai fid da mu zakara irin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren Olimfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokiyo a 1964? Ba mu yi alkawari ba. Mutanen Habasha da Kenya suna horo a kan duwatsu masu tsayin fiye da mita 2,000, inda iska ba ta da kauri, jini ya saba da ƙarancinta. Ko a Nijeriya ma, 'yan Pankshin ta Filato su suka fi suna a dogon gudu, sabo da irin wannan dalili. Sakkwato kuwa ba ta fi kimanin mita 300 ba. Tuddanmu gajeru ne. Abin da mu ke nema ya fi wannan kusa: malamin da za a tura ƙauye ya koyar da tarihi da labarin ƙasa ya kasance ya taka ƙasar da ya ke magana a kai.

Game da lokaci, watannin hunturu su ne na wannan aiki, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In ƙura ta yi kauri har ba a hangen ƙetaren gulbi, a ɗaga, musamman sabo da masu ciwon asma. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, gudun nesa a wannan lokaci ganganci ne, haka kuma da azumi. A gama kafin ƙarfe takwas na safe. A tanadi ruwan sha a zango-zango, a sa malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya da keke ko babur don wanda ya gaza. Takalmin roba mai sauƙin kuɗi ya wadatar, amma kada a bar yaro ya shiga ba takalmi don ya ji labarin Bikila. Shi a kan titin Rum ya yi nasa, mu kuwa ƙaya da ƙarangiya ne a gabanmu. A ƙidaya yara kafin a tashi, a sake ƙidaya su a Kwalkwalawa, a kuma ƙidaya su in an komo Tudun Wada.