Musayar Rassan Aure: Yadda Masu Lambun Gida Ke Raya Irin 'Ya'yan Itace

A duk watan Janairu, lokacin da sanyi ya kakkaɓe ganyen itatuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka, akan ga mutane sun yi layi tun da sassafe a ƙofar wani zauren makaranta ko ɗakin taron unguwa, kowa riƙe da jakar leda da alƙalami da tef na rubuta suna. A ciki an jera tebura, an zube tsinkaye ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri da takardar sunansa. Baƙo zai zaci ƙiraren hura wuta ne aka tara. Nan kuwa kowane tsinke reshe ne mai rai da aka yanko daga bishiyar wani gida: na tuffa, na ceri, na afirikot, na ɓaure, na rumman. Da an buɗe ƙofa sai a bi tebura, kowa ya zari ɗaya ko biyu daga irin da yake so, ya manna masa suna, ya jefa a leda. Ba ciniki, ba tayi. In ma akwai abin biya, bai wuce ɗan kuɗin shiga na kama zaure ba.

Ƙungiyar da ta fi shahara da shirya wannan taro ita ce California Rare Fruit Growers, wadda aka kafa a 1968. Mafi yawan 'ya'yanta ba manoman kasuwa ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikata, da 'yan fansho, waɗanda gonarsu duka ba ta wuce bayan ɗaki ba. A can gabashin ƙasar ma, ƙungiyar manoma da masu lambu ta jihar Maine, MOFGA, tana yin irin wannan haɗuwa kowace shekara a garin Unity idan sanyi ya fara janyewa.

Abin tambaya shi ne, me ya sa za a yi layi don tsinke, alhali ga ƙwallo da iri a ko'ina?

Amsar tana cikin halin bishiyar kanta. Wanda ya sha tuffa mai zaƙi ya shuka 'ya'yan cikinta, ba zai samu irin wadda ya sha ba. Furen ya karɓi garin haihuwa daga wata bishiya dabam, don haka abin da zai tsiro sabuwar bishiya ce mai nata hali, kuma galibi 'ya'yanta ƙanana ne masu tsami. Hanyar da za a tabbatar da samun ainihin irin ita ce a yanko reshen uwar a haɗa shi da gindin wata, wato a yi musu aure. Gindin ya ba da saiwa da ruwa da juriyar ƙasa, reshen ya ba da 'ya'ya. Ke nan duk wani iri mai suna da ake gani a kasuwa, asalinsa bishiya ɗaya ce tak, sauran duk rassanta ne da suka bi hannuwan mutane.

Tarihin tuffar Bramley, wadda Ingilawa suka fi dafawa, ya nuna haka sarai. A 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka 'ya'yan tuffa a bayan gidansu a garin Southwell. Bayan shekaru gidan ya koma hannun wani mahauci mai suna Matthew Bramley. A 1856 wani matashi ɗan gidan masu renon dashe, Henry Merryweather, ya roƙe shi izinin yankar rassa. Mahaucin ya yarda, bisa sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Daga waɗancan rassa ne duk Bramley ta duniya ta yaɗu.

Haka labarin fiya irin Hass, wadda ta mamaye kasuwannin duniya a yau. Rudolph Hass mai raba wasiƙu ne a Kalifoniya. Ya dasa ƙwallo a 1926 da niyyar ya yi masa aure da wani irin da ake yayi a lokacin, auren ya ƙi kamawa, sai aka bar bishiyar ta yi nata 'ya'yan. Yaransa ne suka fara cewa sun fi na sauran daɗi. Ya yi mata rajistar mallaka a 1935. Uwar bishiyar ta mutu da ciwon ruɓewar saiwa, aka sare ta a 2002, amma lokacin rassanta sun riga sun zama miliyoyin itatuwa daga Meziko har Kenya.

Shirin taron musayar yana farawa ne makonni kafin ranar. Mai ba da reshe yakan jira sai bishiyar ta zubar da ganye ta yi barcin sanyi, sannan ya zaɓi reshen da ya fito a shekarar da ta gabata, miƙaƙƙe, mai kaurin fensir. Yakan yanka shi guntu-guntu, tsawon kamar taƙi ɗaya, kowanne da idanu uku ko huɗu. Sai a naɗe su da takarda mai ɗan laima, a rufe a leda, a sa a firji. Gogaggu ba sa ajiye su kusa da tuffa ko wasu 'ya'yan itace nunannu, domin iskar da suke fitarwa tana lalata idanun reshe. Babban abin da ake ja wa sababbin shiga kunne a kai shi ne suna. Tsinken da takardarsa ta faɗi ya zama caca, sai bayan shekara uku ko huɗu mai shi zai san abin da ya rena.

Shi kansa auren aiki ne na wuƙa mai kaifi da natsuwa. Idan aka kankare ɓawon ɗanyen reshe da farce, za a ga wata siririyar shimfiɗa kore mai santsi tsakanin ɓawo da itace. Nan ne bishiya take girma, nan ne kuma take warkar da rauni. Mai aure yakan yanke kan gindin, ya tsaga shi a tsakiya kamar gaɓar yatsa biyu, sannan ya fere ƙasan reshen ta gefe biyu har ya yi tsini, da yanka ɗaya mai santsi a kowane gefe. Sai ya cusa shi cikin tsagar, yana lura koren reshen ya haɗu da koren gindin, ko da ta gefe ɗaya ne. Ya ɗaure tam da siririyar leda ko roba, ya rufe saman don kada rana da iska su busar da shi. Bayan mako biyu zuwa huɗu, idan idanu suka kumbura suka fashe da sabon toho, aure ya kama. Daga nan sai a riƙa cire duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar, domin na gindi ne, in aka bar shi zai danne baƙon.

Ba kowace bishiya ce ke karɓar kowace ba, sai masu dangantaka ta kusa. Mangwaro kan mangwaro, lemun zaƙi kan lemun tsami, amma ba a aura wa gwaiba mangwaro. A cikin dangi ɗaya kuwa, mutum na iya haɗa iri da dama a bishiya ɗaya. Sam Van Aken, malamin fasahar zane a Jami'ar Syracuse, ya yi suna da bishiyoyin da ya fara haɗawa a 2008, kowace na ɗauke da iri 40 na dangin ceri da afirikot da almon. Masu ƙaramin fili da ke zuwa taron musaya abin da suke yi ke nan daidai ƙarfinsu: bishiya ɗaya a tsakar gida, reshen gabas ya nuna da wuri, na yamma ya biyo bayansa, a yi wata uku ana tsinka.

Amfanin taron ya wuce sha'awa. Manyan gonaki na kasuwanci sun tsaya ne kan irin da ke jure doguwar tafiya da zaman shago, don haka dubban irin tuffa da Amurkawa suka sani a ƙarni na 19 sun ɓace daga kasuwa. Waɗanda suka tsira, da yawansu a bayan tsofaffin gidaje suka tsira. Tom Brown, injiniya ɗan fansho a jihar Karolina ta Arewa, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan duwatsun Apalaciya yana tambayar dattawa, har ya gano sama da iri 1,000 da aka ɗauka sun ƙare. John Bunker ma ya yi irin wannan farauta a Maine. Dukansu biyu, da zarar sun samu tsohuwar bishiya, abin da suke fara yi shi ne yanko reshe su aura, sannan su raba wa jama'a, domin irin da ke gida goma ya fi wanda ke gida ɗaya tsira daga gobara ko gatari. A Ingila, rumbun itatuwa na ƙasa da ke Brogdale a yankin Kent yana riƙe da sama da iri 2,000 na tuffa, kuma masu lambu na iya neman reshe daga can.

Sai dai hanyar da iri ke bi, ita cuta ke bi. Shi ya sa a taron Kalifoniya ba a yarda a kawo reshen lemu ba ko kaɗan. Akwai wata cutar lemu mai suna HLB, wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa, wani ɗan ƙwaro kuma ke yaɗawa daga bishiya zuwa bishiya. Ba ta da magani. Tana sa ganye ya yi rawaya dabbare-dabbare, 'ya'ya su karkace su ƙi nuna, bishiya ta yi ta ramewa har ta mutu. Ta ɓulla a Fulorida a 2005, kuma ita da guguwa sun durƙusar da noman lemun jihar. Da aka fara ganinta a Kalifoniya a 2012, a bayan wani gida aka gan ta, a unguwar Hacienda Heights, jikin wata bishiyar lemun da aka yi wa aure. Bishiya na iya ɗaukar cutar tsawon lokaci ba alama, mai ita ya yi kyauta da reshe da zuciya ɗaya. Saboda haka mai son reshen lemu sai ya nema daga shirin Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, inda ake gwada uwayen itatuwa a tabbatar da lafiyarsu. Haka kuma ba a karɓar reshen irin da rajistar mallakarsa ba ta ƙare ba, domin dokar Amurka tun 1930 ta hana yaɗa shi sai da izinin mai shi.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk mai shan mangwaro ya san bambancin ɗan gargajiya mai zare da mai aure, ya kuma san bambancin kuɗinsu. Mangwaron gargajiya yakan fito kamar uwarsa ko da ƙwallo aka shuka, yana da juriya, shi ya sa masu renon dashe ke amfani da shi a matsayin gindi. Manyan irin nan kuwa, kamar Kent da Keitt waɗanda Mali da Burkina Faso da Kodebuwa da Senegal ke fitarwa Turai, ƙwallonsu ba ya maimaita uwa, dole sai da aure. Su ma a filayen gidajen mutane suka fara tsirowa a Fulorida cikin shekarun 1930, kuma sunayen masu filayen suke ɗauke da su. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa ya kai shida ko fiye.

Bambancin da ke akwai shi ne mangwaro ba ya barcin sanyi, don haka reshensa ba ya jure dogon ajiya. Masu aikin sukan zaɓi kan reshen da ya ƙosa, su tsinke ganyensa tun yana jikin uwa, su bar shi kamar mako guda har idon ya kumbura, sannan su yanke su aura a ranar ko washegari. In za a yi tafiya da shi, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a kiyaye shi daga rana.

A Jamhuriyar Nijar, aure ya ɗaga darajar magarya. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa irin magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya, wanda ake kira tuffar Sahel, kuma masanin noma Dov Pasternak na cikin waɗanda suka tsaya kan aikin. Ana iya aura reshen a kan magaryar daji da ta riga ta kafu a gona, saiwarta ta saba da fari, sai ga 'ya'ya masu nama da suka ninka na daji girma sau da yawa, har ana kai su kasuwa.

Kayan aikin duka ba su wuce wuƙa da leda ba, kuma a kusan kowane gari akwai wata bishiyar mangwaro ko lemu da kowa ya san ta fi sauran daɗi, wadda rana ɗaya za a iya sare ta don gini. Ƙungiyoyin manoma da makarantu na iya ware rana a shekara, masu irin waɗannan itatuwa su kawo rassa da sunayensu, a gayyato gwanin aure ya koya wa matasa. Amma a yanko daga bishiya mai lafiya kawai, a goge wuƙa da sifirit tsakanin bishiya da bishiya, kada kuma matafiyi ya ɓoyo reshe a jaka daga ƙasar waje ba tare da izinin hukumar tantance tsirrai ta Nijeriya (NAQS) ba. Ƙwaron da ke yaɗa cutar lemu, masu bincike sun ba da rahoton ganinsa a kudu maso yammacin Nijeriya a 2020. Wanda ke neman reshen lemu ko mangwaro mai asali, ya fara da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe.