Farfesa Haruna Wakili da Tarihin Ƙasar Bakin Iyaka

A watan Yunin 2020 Allah ya yi wa Farfesa Haruna Wakili rasuwa a Abuja, yana mataimakin shugaban Jami'ar Bayero mai kula da harkokin mulki. Masu ta'aziyya sun fi ambaton muƙamansa. Ya shugabanci Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da aka kafa a gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja. Ya yi kwamishinan ilimi na Jigawa a zamanin Sule Lamido, a lokacinsa kuma aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013. Amma kafin wannan duka malamin tarihi ne, haifaffen Haɗeja, wanda ya yi karatunsa a Bayero, ya kuma koyar a sashen tarihinta.

Binciken digirinsa na uku a kan bore da tarzoma ne a Kano daga 1893 zuwa 1995, wato tun daga yaƙin basasar Tukurawa da Yusufawa, a biyo ta rikicin 1953, har zuwa na Maitatsine a 1980 da waɗanda suka biyo baya. A ganina ba abin mamaki ba ne ɗan Haɗeja ya zaɓi wannan fage. Wanda ya tashi a garin Buhari, Sarkin Haɗeja da ya bijire wa Sakkwato, ya san cewa abin da fada ke kira tawaye, waɗanda suka yi shi suna da nasu bayanin, kuma aikin masanin tarihi shi ne ya saurari kowa.

Ƙasar da ya fito ƙasar bakin iyaka ce. Kafin jihadi, Haɗeja da Auyo da Garun Gabas da sauran ƙananan sarautun bakin kogin Haɗeja suna biyayya ga Barno ne ta hannun Galadima na Nguru. Bayan jihadi suka koma ƙarƙashin tutar Sakkwato, Sambo ya kafa gidan sarautar da ke mulki har yau. Ɗansa Buhari ya hau gado a 1848. Da ya kashe ɗan uwansa Sarkin Auyo, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sa aka tuɓe shi aka naɗa Ahmadu. Buhari ya dawo da ƙarfi ya ƙwace garin, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa daga masarautu a Gamon Gafur, ya ci gaba da mulki ba ya sauraron Sakkwato, har ya rasu a yaƙin ƙasar Bade a 1863. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya bi ta Gumel a 1851 da 1854, ya rubuta irin fargabar da sunan Buhari ke jefa matafiya a ciki.

To ina garuruwan da ke fuskantar Haɗeja, irin su Jahun, a wannan labari? Jahun tana cikin ƙasar Kano a wancan zamani, a gefenta na gabas, ita da Miga suna fuskantar Haɗeja. Mahayan Buhari in sun nufi yamma, garuruwan wannan yanki suke fara taras wa. Mutumin Haɗeja yana tuna Buhari a matsayin jarumi. Wanda aka kore wa kakanni shanu, ko aka kama masa dangi, da wani ido yake kallonsa. Duka biyun tarihi ne, amma ɗaya ya fi samun marubuta. Tarihin Kano da aka rubuta a fada ya fi damuwa da birni da sarakunansa. Na Haɗeja ya tsaya kan nata gidan sarauta da ranar 25 ga Afrilu 1906, da Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojojin Ingila. Garin da ke tsakani sai dai a ambace shi a layi ɗaya, a wuce. Yau ma da Jahun ke cikin masarautar Dutse, labarin bai canja ba.

An taɓa gwada yadda ake cike irin wannan giɓi. Wani Ba'amurke, Victor Low, ya zauna da dattawan Gombe da Katagum da Haɗeja ya ɗauki abin da suka ji daga iyayensu, ya fitar da littafi a 1972 a kan waɗannan masarautu uku na gabashin daular Sakkwato. Har gobe masu bincike na komawa gare shi. Ya zo a lokacin da jikokin waɗanda suka ga Buhari ke raye. Wannan ƙofa ta rufe. Abin da ya rage shi ne tsofaffin da suka ga zamanin En'e da harajin jangali, suka kuma ga kogin Haɗeja kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Su ne za su faɗi inda ruwa ke kwanciya a da, da wace fadama ce ta masunta, da burtalin da makiyaya ke bi kafin ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Yawancin rigingimun gona da kiwo da ake kai wa gaban hakimi a yau, tushensu na cikin wannan sani.

Akwai kuma takardu. A gidajen malamai da na masu unguwanni za ka samu gafaka a rataye, cikinta wasiƙun ajami da takardun gado da jerin sunayen dagatai, gara ta ci gefe, damina ta jiƙa saura. Kowace ambaliya ta shiga gari, kamar ta 2022, tana iya tafiya da abin da ba shi da kwafi a ko'ina.

Shi ya sa rashin Haruna Wakili ya yi mana ciwo. Ya haɗa abubuwan da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba: horon jami'a, sanin ƙasar tun daga tushe, da faɗa a ji a gwamnati. Ya bar ɗalibai, ya kuma bar jami'a a Kafin Hausa, maƙwabciyar Jahun. Ina kira ga malaman tarihi na wannan jami'a, wato Jami'ar Sule Lamido, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse su tura ɗalibansu Jahun da Miga da Aujara, su naɗi muryar dattawa, su ɗauki hoton takardun nan da izinin masu su. Ƙaramar hukuma da majalisar masarauta su taimaka da kuɗin mota da wurin ajiya. A fara da ranin bana. Allah ya jiƙan Farfesa, ya sa Aljanna ce makomarsa.