Wace Na'ura Za Ka Riƙe In Za Ka Yawon Buɗe Ido?

Baƙon da zai shiga Ayasofya ta Istanbul don kallo, tun daga Janairun 2024, sai ya biya Yuro 25 a haura da shi bene. Bayanin ginin, daga kammala shi a 537 har sake mayar da shi masallaci a 2020, an ajiye shi a lambar QR: ka haska da wayarka, ka sa iyafis, ka saurara. A Madina ma, izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake samunsa. Gidan tarihin Louvre na Faris, wanda tun 2012 yake ba da hayar Nintendo 3DS a matsayin jagora, ya yi sallama da ita a 2025. Wato wurare da dama yanzu sun ɗauka cewa baƙo zai zo da na'urarsa a aljihu.

To wacce? Masu son karatu kan ce Kindle, kuma suna da hujja: cajinta na yin makonni, rubutunta na fitowa tar ko rana na tsakiya. Amma littafin jagora ba labari ba ne da za a bi shafi bayan shafi. Tsalle ake yi, daga taswira zuwa lokacin buɗe ƙofa, a koma sunan tashar jirgi, ita kuwa Kindle nawa gare ta wajen wannan, kuma ba ta san inda kake tsaye ba. Tablet ta fi kyau ga taswira, sai dai ka gwada ɗaga ta a cunkoson kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira, hannu ɗaya riƙe da leda, za ka gane ta zaman otal ce.

A ganina waya ta wadatar, kuma ba sai sabuwa ba. Abin dubawa shi ne batiri. Taswira da hasken allo su ne manyan masu shan caji, ga ɗaukar hoto a kai, kafin la'asar waya ta fara jan ido. Saboda haka kuɗin da za a kashe a sabuwar na'ura gara a sayi fawa-bank mai kyau da shi. Ƙa'idar jiragen sama ita ce a riƙe shi a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna ba, kuma kada ya wuce 100Wh, kimanin 27,000mAh ke nan. Kamfanin Emirates ya ma hana amfani da shi a cikin jirgi tun Oktoban 2025. Wanda yake da tsohuwar waya a durowa kuwa, da tsohuwar zuma ake magani: a zuba mata taswira da sautukan jagora, ita za a riƙa fitarwa a titi, mai manhajar banki ta zauna a ɓoye. Ko an fizge tsohuwar, asarar da sauƙi.

Sauran aikin a gida ake gama shi, kafin a tashi. GPS ba ya buƙatar data, taswirar ce take buƙata, don haka a sauke ta tun da wuri. Akwai wani tarko a nan: Google Maps in babu intanet hanyar mota kawai yake nunawa, ba ya ba da ta ƙafa ko ta jirgin ƙasa. Organic Maps yana nuna ta ƙafa. Bayan an sauke komai, a kashe data da Wi-Fi a gwada, domin wasu manhajojin jagora suna nuna kamar sautin ya sauka, sai an isa bakin ƙofa su nemi intanet.

Iyafis mai waya ya fi, tunda ba ya neman caji, amma a duba ko wayar na da ramin sa shi, don iPhone ta daina zuwa da shi tun 2016. A sa kunne ɗaya, a bar ɗayan ya ji hon ɗin mota. Sai kan caja: mai baki uku irin ta Najeriya tana shiga soket a Saudiyya da Ingila, amma Turkiyya, Masar da Faransa mai baki biyu zagayayye suke amfani da ita, irin ta Nijar. Adafta a Kano ko Kaduna ba ta da tsada, a filin jirgi kuwa sai an ninka maka kuɗinta.