Kula da tsohuwar mota

Yawancin motocin da ke bin hanyoyin Nijar ba sababbi ba ne. An yi aiki da su a wani wuri, sannan aka sayo su. Ana ce musu motoci na hannu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968. Daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, inda aka buɗe ma'aikatar Peugeot a 1975. Yanzu an daina ƙera ta, amma ta yi shekaru tana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Wata tsohuwar mota tana daɗewa tana aiki. Wata kuwa ba ta shekara biyu sai a gan ta jingine a bayan gareji, kaji suna ƙwai a cikinta. Me ya kawo haka? Babbar ɓarna daga ƙarama take farawa. Mai mota da ke tsabtace motarsa yana ganin ƙaramar ɓarna da wuri, ya gyara ta da kuɗi kaɗan.

Wanki

A ƙasar Sahel, manyan abokan gāban mota biyu ne: ƙura da zafi. Shi ya sa aikin farko shi ne wanki. Ana wanke mota a inuwa, da safe ko da marece. Ana fara zuba ruwa domin yashi ya sauka. Idan aka goge ta a bushe, yashin zai kankare fenti. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa.

Da damina, laka tana maƙalewa a ƙarƙashin mota da saman tayoyi. Laka tana riƙe danshi, danshi kuma yana kawo tsatsa. Sai a wanke ta sarai. Inda tsatsa ta fara, a kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, a shafa fenti.

Bayan wanki, a ajiye mota a wuri mai tsabta ta kwana. Da safe a duba ƙasa. Baƙin ɗigo man inji ne. Ɗigon da ke gaba, mai kama da ruwa, daga wurin ruwan sanyaya inji yake fitowa. Mota mai dauɗa tana ɓoye yoyonta.

Numfashin inji

Inji yana bukatar abu uku kafin ya tashi: iska, isansi da tartsatsin wuta. Iskar da yake sha tana da yawa ƙwarai. Kafin ya ƙone lita 1 ta isansi, sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000. Lokacin hunturu iskar nan cike take da ƙura. Idan ƙura ta shiga cikin inji, tana cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Saboda haka aka sa matatar iska, wadda makanikai ke kira filtir. Ita ce rariyar inji. Idan ta toshe, mota ba ta da ƙarfi, tana shan isansi da yawa, tana baƙin hayaƙi. Sai a ciro matatar a kakkaɓe ta a hankali. In ta yage ko ta yi baƙi ƙirin, a sake sabuwa. Kada a yi tafiya ba matata ko da yini ɗaya ne.

Buji da batir

Buji shi ke ba da tartsatsin da ke kunna isansi. Injin 504 yana da buji 4. Idan mota tana karkarwa ko tana wuyar tashi, a kwance su a duba, bayan inji ya huce. Bakin buji mai lafiya launin toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa. In ya yi baƙi, a goge shi da burushin ƙarfe. Tazarar da ke bakinsa ba ta kai milimita 1 ba. Wayoyin buji kuwa, ɗaya-ɗaya ake cire su, domin kowace tana da wurinta.

Wutar tada mota daga batir take fitowa. Batir yana da ɗakuna 6, kowane yana ba da bolt 2, jimla bolt 12. Wani lokaci farin gari yana taruwa a kawunansa, ya hana wuta wucewa. A cire wayar da ke da alamar ragewa tukuna, sannan mai alamar ƙarawa. A wanke garin da ruwan kanwa mai ɗumi, amma kada ya shiga cikin batir. A shanya, a mayar da wayoyi, a ɗaure su tam, a shafa ɗan giris. Akwai batir mai murafu. Zafi yana ƙafar da ruwansa, sai a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da ruwan rijiya. Ruwan da ke cikin batir yana ƙona fata da tufa, yana makantar da ido.

Mai da ruwa

Man inji yana hana ƙarafa su goge juna. Ana auna shi da wani siririn ƙarfe mai zane biyu. A ciro shi, a goge, a mayar, a sake cirowa. Mai ya tsaya tsakanin zanen biyu. A tsohuwar mota ana juye mai bayan kamar kilomita 5,000. Wannan shi ne bidanji. Ba a zubar da tsohon mai kusa da rijiya ko cikin gona, domin yana ɓata ruwa da ƙasa.

A watan Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Lokacin ne inji ya fi bukatar ruwa. Ruwan yana zagaya inji, ya ɗauko zafi, ya koma radiyater ya huce. Ƙwari da ciyawa da ƙarangiya suna toshe ƙananan ramukan radiyater. A wanke su da ruwa. A duba ɗamarar robar da ke juya famfon ruwa. In an danna ta da babban yatsa, kada ta lotsa fiye da kamar santimita 1. In ta tsattsage, a sake ta tun ba ta tsinke a daji ba. Ba a buɗe radiyater yana da zafi: tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuska.

Fitilu da tayoyi

Idan fitila ta mutu, sau da yawa ƙwanta ne ya ƙone, ko kuwa fizibil. Fizibil ƴar siririyar waya ce da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, domin ta tsare sauran wayoyi. A maye gurbinta da mai lamba iri ɗaya. Wasu suna naɗa waya ko takardar taba mai ƙyalli a wurin. Haka mota ke kamawa da wuta.

Tayoyi kuma a duba iskarsu da safe, tun ba su yi zafi ba, har da ta ajiya. Tayar da zanenta ya shafe tana santsi da damina, tana fashewa da bazara.

Aikin makaniki

Akwai gyaran da ba na mai mota ba ne. Birki da sitiyari suna riƙe da rayukan mutane. Idan birki ya yi laushi ko yana ƙara, a kai wa makaniki a ranar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jek kaɗai. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin a hayaƙinsa akwai guba marar wari da ke kisa. Yara suna iya taimakawa da ɗebo ruwa da goge gilashi, amma su nisanci batir da injin da ke juyawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake zuba ruwa kafin a goge mota?
2. Waɗanne abubuwa uku inji ke bukata?
3. Don me ba a buɗe radiyater yana da zafi?
4. Mota ta ƙone lita 10 ta isansi. Lita nawa ta iska ta zuƙa?