Kalmomi Abokan Tafiya: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa yaro yakan shiga makaranta da Hausa a bakinsa, ko da kuwa iyayensa Fulani ne, ko Kurama na wajen Doguwa. Tsarin ilmi na 1977 ya sa a wancan lokaci a fara koyar da shi da harshen gida, sa'an nan a koma Turanci. To, a nan wahalar takan tsiro. Yaro ya haddace kalmomi da yawa, amma in ya zo haɗa su sai Hausa ta riƙe masa alƙalami.

Dalili kuwa shi ne kowace kalma tana da abokan tafiyarta, kuma abokan sun bambanta daga harshe zuwa harshe. A dubi "sha". Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, har iska da wahala sha yake yi. Bature ruwa da dangoginsa kaɗai yake sha. Ƙwayar magani "ɗauka" yake yi, taba kuwa kalmarta daban. Haka "ji": Bahaushe yana jin magana da wari da sanyi, Bature ya raba su uku. "Ci" ta fi su rikici, gama ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana cin bashi. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga yawan rassanta. Shi ma Bature yana da nasa abin mamaki: ziyara "biya" yake yi, ruwan sama kuma "nauyi" gare shi.

Lalle wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin hakimi. In ya juya takardar ƙara kalma bayan kalma, ya rubuta cewa wane ya "ci" bashi, mai karantawa yana iya zaton kuɗin mutane ya cinye, alhali rance kurum ya karɓa. Nahawu daidai, ma'ana ta kauce. Turanci ma yakan yi wa Hausa irin wannan kutse: "ɗaukar mataki" daga can ta zo, ta zauna.

Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi malaman makarantunsu su riƙa koyar da kalma tare da abokiyarta. Malamin ofis kuma ya ajiye ɗan littafi, duk haɗin da ya gani a takardar gwamnati ya rubuta shi ɗungum, da ma'anarsa a gefe.