Jamus: Makonni uku a kan keke domin kare muhalli

A kowace shekara dubban ɗaruruwan mutane a ƙasar Jamus kan haɗu rukuni-rukuni domin tara wa garuruwansu kilomita a kan keke. Shin yaya ake shiga wannan gasa, kuma wane tasiri take yi?

Da zarar sanyin hunturu ya kau a ƙasar Jamus, ƙananan hukumomi kan fara manna sanarwa a ofisoshi da makarantu da tashoshin mota suna kira ga jama'a da su fito da kekunansu. Dalili kuwa shi ne wata gasa da ake kira Stadtradeln da harshen Jamusanci, wato hawan keke a cikin gari. Ita dai wannan gasa ba tsere ba ce, domin ba a tambayar wanda ya riga wani isa. Abin da ake ƙirgawa shi ne yawan kilomitar da mazauna wani gari suka yi a kan keke a cikin kwanaki 21 a jere, ko a hanyar zuwa aiki ne, ko kasuwa, ko makaranta, ko kuma yawon shan iska kawai.

Asalin gasar

Wata ƙungiyar ƙawancen garuruwan Turai mai suna Klima-Bündnis ce ta ƙaddamar da gasar a shekara ta 2008, inda ta yi koyi da wani shiri makamancinsa da birnin Nuremberg ya fara gudanarwa. Ita wannan ƙungiya, wadda ke da mazauninta a birnin Frankfurt, an kafa ta ne a shekara ta 1990 da nufin haɗa kan ƙananan hukumomi wajen rage hayaƙin da ke haddasa ɗumamar yanayi, tare da tallafa wa al'ummomin asali na dajin Amazon.

A shekarar farko garuruwa 23 ne kacal suka shiga. Amma sannu a hankali lamarin ya riƙa bunƙasa, ta yadda a shekara ta 2020, lokacin da annobar korona ta sa mutane da dama suka ƙaurace wa motocin safa da jiragen ƙasa, yawan mahalarta ya zarce rabin miliyan. A shekara ta 2023 kuwa mutane sama da miliyan ɗaya ne daga ƙananan hukumomi fiye da 2,800 suka shiga, kuma jimillar abin da suka tara ya haura kilomita miliyan 200. Domin a gane girman wannan adadi, nisan da ke tsakanin duniya da rana bai wuce kimanin kilomita miliyan 150 ba.

Yadda ake shiga

Matakin farko yana hannun mahukunta ne, saboda sai ƙaramar hukuma ta yi rajista, ta kuma biya kuɗin shiga, sannan mazaunanta za su samu damar shiga. A jihohi da dama gwamnatin jiha ce ke ɗaukar nauyin kuɗin, ko dukansa ko wani ɓangare nasa. Kowace ƙaramar hukuma ita ce ke zaɓen makonni ukun da suka dace da ita tsakanin ranar 1 ga watan Mayu da ranar 30 ga watan Satumba. Shi kuwa ɗan gasa ba ya biyan ko sisin kwabo.

Ba a tambayar mutum takardar zama ɗan ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance yana zaune a garin, ko yana aiki a cikinsa, ko yana karatu a wata makaranta ko jami'a ta garin, ko kuma memba ne na wata ƙungiya da ke can. Ke nan ɗalibi baƙo da ɗan gudun hijira da magajin gari duk matsayinsu ɗaya a wannan fage.

Sai dai kuma ba a shiga gasar a ɗaiɗaiku. Wajibi ne kowa ya kasance cikin wani rukuni, kuma rukuni ba ya tabbata sai da aƙalla mutum biyu. Mai sha'awa zai yi rajista ta intanet, ya zaɓi garinsa, sannan ya duba jerin rukunonin da aka riga aka kafa. A nan zai tarar da na ma'aikatan kamfanoni da asibitoci, da na azuzuwan makarantu, da na 'yan kwana-kwana, da na majami'u, da na maƙwabtan da suka haɗa layi ɗaya. Babu abin da ya hana jama'ar wani masallaci ko wani iyali su kafa nasu. Wanda ya kafa rukuni shi ne ke zama kyaftin, kuma a wuyansa ne nauyin zaburar da sauran yake. Wanda kuma bai san kowa ba, to a kowane gari akwai rukuni na kowa da kowa da ake barin ƙofarsa a buɗe. A cikin gari guda mutum ba ya shiga rukuni fiye da ɗaya.

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen rubuta kilomita. Mutum na iya shigar da adadin da kansa bayan ya dawo gida, ko kuma ya yi amfani da manhajar wayar salula, wadda ke auna tafiyar ta hanyar tauraron ɗan Adam. Waɗanda ba su da intanet kan cike takarda su miƙa wa jami'in da ke kula da gasar a garinsu. Bayan cikar kwanaki 21 akan ƙara mako guda domin masu sauran lissafi su kammala shigarwa.

Ba dole ba ne a yi tafiyar a cikin garin, domin ko a wata ƙasa mutum ya hau keke a cikin waɗannan kwanaki, garinsa za a rubuta wa. An amince da keke mai batir wanda ke taimaka wa mahayi har zuwa gudun kilomita 25 a sa'a guda. Amma ba a ƙirga tseren kekuna, haka nan ba a ƙirga keken motsa jiki da ake kafewa a ɗaki. Wani abin lura kuma shi ne, gasar ta dogara ne kacokan a kan amana, domin babu alƙalin da ke bin mutum a baya ya tabbatar da abin da ya rubuta.

Hikimar rukuni

Masu shirya gasar sun fahimci cewa yawancin mutane ba rashin keke ne ke hana su hawa ba. Ƙiyasin masana'antun kekuna ya nuna cewa a shekara ta 2023 akwai kekuna kimanin miliyan 84 a Jamus, wato kusan daidai da yawan al'ummar ƙasar. Matsalar ita ce sabo. Wanda ya saba ɗaukar makullin mota kowace safiya, da wuya ya sauya hali saboda wata sanarwa da ya karanta. Amma idan abokan aikinsa na duba jadawali kowace rana, suna ganin ofishin da ke maƙwabtaka da su ya sha gabansu, to kunya da kishi kan yi aikin da nasiha ta kasa yi.

Alal misali, ma'aikacin da ke da tazarar kilomita 5 tsakanin gidansa da wurin aiki, in ya je ya dawo a kan keke a ranakun aiki 15 da ke cikin makonni ukun, zai tara kilomita 150. Mutum goma irinsa sun tara 1,500 ke nan, ba tare da ɗayansu ya zama gwanin tsere ba. Dama Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban da haka, wannan ma'aikaci zai cimma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara a kai, wato motsa jiki na aƙalla mintoci 150 a kowane mako ga baligi.

Akwai kuma wani mataki na musamman ga masu ƙarfin hali, waɗanda ake yi wa laƙabi da taurarin gasar. Su waɗannan sukan yi alƙawari a bainar jama'a cewa tsawon kwanaki 21 ba za su shiga ƙaramar mota ba, ko da a matsayin fasinja ne, ko da yake an yarda su hau motar safa ko jirgin ƙasa. A kowane mako sukan ba da rahoton abin da suka gani a hanya.

Kansiloli a kan sirdi

Tun farko dai gasar ba talakawa kaɗai ta nufa ba. Babban burinta shi ne ta ɗora 'yan siyasar ƙananan hukumomi a kan keke, saboda su ne ke yanke shawara a kan faɗin titi da wurin ajiye motoci da kuma kuɗin da za a kashe wajen gina hanyoyin kekuna. Shi ya sa aka ware lambar yabo ta musamman ga majalisar garin da kansilolinta suka fi ƙwazo. Tunanin da ke bayan haka shi ne gani ya kori ji: kansilan da wata babbar mota ta matse shi a bakin titi, ko hanyar keke ta yanke masa ba zato a tsakiyar mararraba, ba ya bukatar dogon bayani idan an zo muhawarar kasafin kuɗi.

Domin a yi adalci, akan raba garuruwa gida biyar bisa yawan jama'arsu, daga masu ƙasa da mutum 10,000 har zuwa masu rabin miliyan ko fiye, ta yadda ƙauye ba zai kara da birnin Berlin ba.

Kazalika gasar ta zama wata hanya ta tattara bayanai. A garuruwa da yawa mahaya na iya amfani da manhajar su nuna a kan taswira inda rami yake, ko inda reshen itace ya tare hanya, ko wata mararraba mai haɗari, kuma saƙon zai isa ofishin da abin ya shafa kai tsaye. Su kuma tafiye-tafiyen da wayoyi suka auna, akan cire sunayen masu su, a haɗa su wuri guda, a fitar da taswirar da ke nuna titunan da kekuna suka fi bi da wuraren da suke daɗewa suna jira. Masu bincike a jami'ar fasaha ta birnin Dresden na daga cikin waɗanda suka tsara wannan aiki. A da, masu tsara birane na da cikakkun alƙaluma a kan motoci, amma abin da suka sani game da kekuna kaɗan ne.

Abin da ya sa lamarin ke da muhimmanci

Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na hayaƙin da Jamus ke fitarwa mai ɗumama yanayi daga ɓangaren sufuri yake fitowa. Yayin da masana'antu da tashoshin wutar lantarki suka rage nasu sosai, hayaƙin sufuri a shekara ta 2019 kusan daidai yake da na shekara ta 1990. Ga shi kuma a shekara ta 2021 ƙasar ta kafa doka cewa nan da shekara ta 2045 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Hukumar kula da muhalli ta tarayya ta yi nuni da cewa a manyan birane kusan rabin tafiye-tafiyen da ake yi da mota ba su kai kilomita 5 ba, tazarar da sau da yawa keke kan riga mota isa.

Sukan da ake yi

Duk da haka gasar ba ta tsira daga suka ba. Na farko shi ne batun lissafin hayaƙin da aka ce an kauce wa fitarwa. Akan ninka kowace kilomita da abin da mota za ta fitar, wato kimanin giram 140 zuwa 170 gwargwadon ma'aunin shekarar, tamkar dai kowace tafiya ta maye gurbin ta mota ce. Alhali kuwa da yawa daga cikin mahalarta dama can da keke suke zirga-zirga, kuma yawon ranar Lahadi bai hana wata mota tashi ba.

Na biyu, tsarin ya fi fifita masu dogon zango. Matashin da ya yi kilomita 120 a rana ɗaya don nishaɗi zai sha gaban uwar da ta ajiye motarta ta riƙa kai 'ya'yanta makaranta a kan keke kullum, alhali ita ce ta yi abin da gasar ke nema.

Na uku kuma, wanda ya fi nauyi, shi ne tsaron rai. A kowace shekara daga 2022 zuwa 2024 mahaya kekuna fiye da 400 ne suka rasa rayukansu a kan titunan Jamus. Ko da yake tun shekara ta 2020 doka ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi a cikin gari, mita biyu a wajen gari, idan zai wuce mai keke, ƙungiyoyin mahaya na ƙorafin cewa ba kowa ke kiyayewa ba. A ganinsu abu ne mai sauƙi magajin gari ya ɗauki hoto a kan keke ya raba takardun yabo, amma abu ne mai wuya ya karɓe wani ɓangare na titi daga hannun masu motoci. Babban binciken zirga-zirga na ƙasa da aka gudanar a shekara ta 2017 ya gano cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai na tafiye-tafiyen jama'a ake yi a kan keke.

Ba Jamus kaɗai ba

Irin wannan gasa ta rukuni ba a Jamus kawai ake yin ta ba. A ƙasar Denmak da ta Suwizalan an daɗe ana gudanar da gasar zuwa aiki a kan keke tsakanin ma'aikatu, yayin da ƙananan hukumomin Luksamburg suka taɓa bin tsarin na Stadtradeln a ƙarƙashin wani suna nasu na gida. A shekara ta 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni a matsayin ranar keke ta duniya.

A birnin Mannheim na Jamus ne Karl von Drais ya fara gwada keken katako mai ƙafa biyu a shekara ta 1817, wanda ake ɗauka a matsayin kakan kekunan yau. Fiye da shekaru 200 bayan haka, ƙasar da ta shahara wajen ƙera motoci na ƙoƙarin shawo kan jama'arta su koma ga wannan tsohuwar fasaha. Ko gasar ta yi nasara ko ba ta yi ba, ba daga jadawalin kilomita za a gane ba, sai dai daga yawan waɗanda suka ci gaba da hawan keke bayan rana ta 21, da kuma abin da majalisun garuruwa suka yi da ƙorafe-ƙorafen da aka aika musu.