KOYON INGILISHI TA HANYAR LABARIN MA'AIKATAN KIMIYYA

A watan Maris na 2025 anka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasarmu Nijar, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ingilishi dai ba baƙo ba ne a makarantunmu, don kuwa tun daga ajin farko na kwaleji yaro yake fara shi. Amma kowane uba ya san abin da ke faruwa. Yaro ya shekara huɗu, wani ma bakwai har ƙarshen lise, yana haddace ƙa'idodi, ya ci jarrabawa, sa'an nan a miƙa masa ƴar takardar da ke cikin kwalin magani ya kasa faɗin abin da ta ƙunsa.

Mu da ke aikin fassara mun san dalili. Harshe kamar hauya ne, idan ba a kai ta gona ba sai ta yi tsatsa. Kalmar da mutum ya haddace don jarrabawa takan gudu da ƙarewar jarrabawa, wadda kuwa ya tsinta cikin labarin da ya shafe shi takan zauna. Saboda haka muna ganin hanya mafi kyau ita ce a ba yara labarin aikin masu kimiyya cikin Ingilishi mai sauƙi, su karanta, su yi mahawara a kai. Ba sai an je nesa neman labarun ba, ƙasarmu cike take da su.

LABARU HUƊU NA GIDA

Na farko, Farfesa Abdu Mumuni Diofo, wanda anka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Masanin kimiyyar fizik ne. Daga 1969 ya shugabanci ofishin ƙasa na binciken ƙarfin rana, inda anka ƙera na'urorin dumama ruwa da na dafuwa da zafin rana. Littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito da Faransanci a 1964, anka fassara shi da Ingilishi a 1968. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Na biyu, masu binciken iri na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kimanin kilomita 45 kudu da Yamai. Uwar cibiyar tana ƙasar Indiya, an kafa ta a 1972. Aikinsu a kan hatsi ne da gujiya da sauran abin da ke jure fari, kuma yawancin abin da sunka gano da Ingilishi yake rubuce.

Na uku, allurar sanƙarau. A annobar 1996 zuwa 1997 mutane fiye da 250,000 sunka kamu a ƙasashen Afirka, kimanin 25,000 sunka rasu. A watan Disamba na 2010 anka fara yin sabuwar allura, MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar. A Indiya anka haɗa ta, kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba ga mutum guda. Cikin wanga labari akwai likita, akwai mai gwajin jini, akwai mai ƙididdiga, akwai mai kula da sanyin magani a hanya.

Na huɗu, sassaben zamani. A 1983, a jihar Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da ake sarewa a gonaki tohon kututturan itatuwa ne masu rai. Manoma sunka riƙa barin reshe ɗaya ko biyu suna gyarawa. Yau masana na ƙasashe da dama suna karanta labarin manoman Maraɗi da Damagaram da Ingilishi, jikokin manoman kuwa ba su iya karanta shi.

YADDA DARASIN KE TAFIYA

Malami ya zaɓi labari guda, ya rubuta shi gajere, kada ya wuce rabin shafi. Kafin a buɗe takarda, a yi hira da Hausa: wa ya taɓa ganin gawo a gonarsu? Wa anka yi wa allurar sanƙarau? Yaron da ya riga ya san ma'ana, kalma kawai yake nema. Shi kansa Abdu Mumuni ya nace cikin littafinsa kan a koyar da yaran Afirka da harsunansu, don haka Hausa tsani ce a nan.

Bayan haka a karanta sau biyu, da farko kowa a zuci, sa'an nan da murya. A fitar da kalmomi goma kacal a allo. Yaronmu yana da wata riba da bai sani ba: kalmomin kimiyya da yawa daga Latin da Girkanci sunka fito, suna kama da juna a Faransanci da Ingilishi, lafazi ne ya bambanta.

Nahawu kuwa cikin labarin yake, ba sai an ware masa tebur ba. Tarihin mutum yana koyar da lokacin da ya wuce. Aikinsa na kullum yana koyar da lokacin sabo. Idan yaro guda ya zama mai binciken iri, sauran sunka zama ƴan jarida, sai a koyi tsarin tambaya. Idan kowa ya faɗi aikin da zai yi nan da shekara goma, an koyi lokaci mai zuwa.

Mahawara ita ce zuciyar darasin. A raba yara huɗu-huɗu, a ba su tambayar da ba ta da amsa guda: idan gari yana da kuɗin ɗaukar ma'aikaci ɗaya, mai binciken ruwa za a ɗauka ko malamin gona? Malami ya bar yaro ya ƙare maganarsa ko da kuskure, ya ajiye gyara sai ƙarshe. Wanda anka katse sau uku ba ya sake ɗaga hannu. A kuma tabbata ƴan mata sun sami rabonsu na magana.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Za a ce ajinmu ya cika maƙil, littattafai kuma ba su isa ba. Gaskiya ne. Amma rabin shafi alli da allo sun ishe shi. Shugabannin makarantu su gayyaci ungozoma ko malamin dabbobi ko mai haɗa wutar rana su zo aji, yara su shirya tambayoyinsu da Ingilishi. Ku kuma iyaye da kunka yi yaƙi da jahilci, in yaro ya dawo gida ku ce ya ba ku labarin da Hausa. Wanda ya iya mai da labari cikin harshen uwarsa, shi ne ya fahimce shi.

Jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna jiran waɗanga yara, ilimin da za su tarar can kuma rabo mai yawa nasa da Ingilishi yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon farawa.